Tafinta da Takardar Neman Gafara

Cocinmu rufinsa ɗaya ne, amma sujada biyu ake yi a ƙarƙashinsa. Ta ƙarfe takwas ta fararen fata ce, ta sha ɗaya kuma tamu ce, mu baƙaƙe. Babu inda aka rubuta haka. In ka tambaya sai a ce maka saboda harshe ne, su da nasu, mu da namu. To amma cikin 'ya'yanmu da suka yi karatu suka iya harshen nasu kamar a bakinsu aka haife shi, ban taɓa ganin wanda ya shiga ta takwas sau biyu ba.

Maigidana shi ne tafinta. Sana'arsa gyaran keken ɗinki, a wani ɗan shago kusa da tashar mota, ni kuma ina ɗinki a lungun shagon. Amma ba mai kiransa da sana'ar. Tafinta kowa ke cewa, har yaranmu in suna son tsokanarsa. Shekara ashirin da uku yana tsayawa a hagun mumbari, taku biyu bayan fasto, fasto ya faɗi magana shi kuma ya juya mana ita. Ni aikina a coci shirya teburin Jibin Ubangiji da wanke kayansa. A ɗakin ajiya akwai kabad biyu. Na dama yana da ƙoƙon azurfa, na hagu yana da na ƙarfe wanda bakinsa ya lotse. Ranar da na kama aikin aka nuna mini soso biyu, aka ce kada in haɗa.

Tsohon faston da maigida ya yi wa tafinta shekara goma sha takwas, da ya rasu, maigida ya goge farar rigarsa da kansa ya tafi da niyyar kama akwatin gawa. Shugaban dattawan ikilisiya, wani farin mutum mai kantin magani da muke ce wa Mai Magani, ya riƙe masa gwiwar hannu a bakin ƙofa, ya ce masa cikin ladabi iyali sun riga sun tsara masu ɗauka, amma akwai wuri a baranda. A barandar ya tsaya, yana jin addu'o'i ta taga yana fassara wa mutanenmu da ke tsaye a rana, ba wanda ya sa shi. Da muka koma gida ya cire farar rigar ya rataye. Ni ce na yi ta faɗa har abinci ya kama.

Sabon faston da aka aiko mana farin mutum ne, matashi, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin ajiya, shi ya sa muka sa masa Dogo. A makonsa na biyu ya same ni ina wanki, ya ga soso biyu a rataye, ya kira maigida ya tambaye ni dalili. Na ce ya je ya tambayi waɗanda suka sayo su, ni baiwar Allah wanki kawai aka sa ni. Maigida ya fassara, sai na ji abin da ya faɗa ya fi nawa tsawo, ya kuma fi taushi. Halinsa ke nan. In magana ta yi kaifi sai ya dakushe mata baki kafin ya miƙa. Duk da haka kunnuwan Dogo suka yi ja.

Ran Laraba sai ga shi a gidanmu. Ba a taɓa yin faston da ya taka ƙofarmu ba. Ya zauna a wata kujerarmu da ta lotsa har gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, ya sha ruwa a kofinmu ya nemi ƙari. Ya ce Almasihu bai mutu sau biyu ba, ɗaya da ƙarfe takwas ɗaya da sha ɗaya. Ya ce yana so a rushe abin nan, a koma sujada ɗaya da teburi ɗaya, amma ba zai iya shi kaɗai ba, sai da maigida. Na kalli fuskar mijina yana juya mini maganar, na ga ta yi haske irin wanda rabona da gani tun ranar da aka haifi 'yarmu ta fari. Bayan baƙo ya tafi na ce masa ya bi a hankali, kada ya yi wa rogo kallon kitse. Ya ce ni dai ba a raba ni da zargi.

Wata uku yana rufe shago da wuri yana bin gidajen mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yarda nan take. Wasu suka ce a bar kaza cikin gashinta, a sujadarmu ta sha ɗaya aƙalla muna kaɗa gangarmu, muna waƙa yadda muke so, ba mai duba agogo. Wadda ta fi ba shi wuya ita ce Gwaggo. Ta haura tamanin, ita ke ba da waƙa a wajen mata, kuma duk inda ta karkata nan tsofaffi ke karkata. Ita ta yi renon 'ya'yan Mai Magani su uku. Ranar da aka yi wa autarsu baftisma, Gwaggo ce ta goyo ta har ƙofar coci, aka karɓi yarinyar, aka bar ta a waje riƙe da zanen goyo.

Gwaggo ta ce masa ba ta ƙi ba. Allah ya umarce ta ta yafe, kuma yafiyar tana nan a ajiye tun tuni. Abu ɗaya take jira, su buɗe bakinsu a gaban jama'a su ce sun yi zunubi. Ba kuskure ba, ba rashin fahimta ba, zunubi. Maigida ya ce mata za su faɗa, Dogo ya yi masa alkawari dattawa za su rubuta takardar neman gafara. Ta ce, “To, ɗana, bakinka na riƙe.”

Takardar nan sau shida dattawa suna zama a kanta. Maigida bai gan ta ba sai safiyar ranar da aka sa wa suna Lahadin Sulhu. Ina ɗakin ajiya ina goge ƙoƙon azurfa, wanda ranar za a sha da shi gaba ɗaya, Dogo ya shigo ya miƙa masa ita ba tare da ya kalle shi ba, ya fita. Maigida ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, ya ninke ta ya sa a aljihu. Na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau.

Coci ya cika har baranda. Fararen suna gaba ta dama, mu muna baya da hagu, ko da yake ba wanda ya ce a zauna haka. 'Yarmu ta fari, ma'aikaciyar jinya ce, tana kusa da ni. Mai Magani ya hau mumbari ya sa tabarau ya fara karatu a harshensu, maigida na tsaye a wurinsa na kullum. Ni ba na jin harshen sai gaisuwa da sunayen kayan wanki. Daga baya ne 'yata ta gaya mini abin da mutumin ya karanta: wai in a shekarun baya akwai wanda ya ji kamar ba a yi maraba da shi ba, suna baƙin ciki da ya ji hakan, wai zamani ne ya zo da haka, kuma kowane ɓangare yana da nasa kurakurai, wai a manta da baya a fuskanci gaba.

Abin da ya fito daga bakin mijina kuwa, har yau ina iya maimaita shi.

“Mun yi wa Allah zunubi, mun yi muku zunubi. Mun raba teburin da ba namu ba ne. Mun tsayar da ku a waje, ku da kuka goyi 'ya'yanmu. Ba mu da hujja, ba mu da abin fakewa. Ku yafe mana saboda Almasihu.”

'Yata ta matse mini hannu har zobena ya shiga nama. Na ga samari da 'yammatanmu masu jin harsunan biyu suna kallon juna. Amma ba wanda ya tashi, don kafin ya rufe baki kuka ya ɓarke a wajen tsofaffi. Wa zai tashi ya ce wa kakarsa ta share hawaye, ƙarya ce? Su kuwa fararen, a shekarun nan duka ba wanda ya koyi harshenmu fiye da sannu da zuwa, sai suka ɗauka takardarsu ce ta yi wannan aiki, wasunsu ma har da share ido.

Gwaggo ta miƙe da sandarta, ta bi tsakiyar coci a hankali har gaban mumbari, ta rungume Mai Magani. Ya tsaya ƙiƙam, takarda a hannu, daga baya ya ɗan dafa bayanta. Wani ya ɗauki hoto. Aka sha daga ƙoƙo ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, da ƙoƙon ya zo hannuna ni ma na yi kuka.

Da rana a gida 'yata ta ƙi cin abinci. Ta faɗa mini komai a gabansa. Bai musa ba. Ya ce abin da ke zuciyarsu ya faɗa, bakinsu ne bai kai ba tukuna, kuma wani lokaci sai an riga mutum faɗin gaskiyarsa kafin ya iso wurinta. Ya ce da ya fassara takardar yadda take, da Gwaggo ta fita, da rabin coci sun bi ta, da aikin wata uku ya zube.

'Yata ta ce, “Baba, kai ka nemi gafara, kai aka yafe wa. Su ba su ma san an yi ba.”

Ya ce mata ta yi haƙuri, Allah zai cika sauran. Ni kuwa ban san wanda zan bi ba a cikinsu.

Aka koma sujada ɗaya da ƙarfe tara. Wata bai cika ba sai ga kwali daga kantin Mai Magani, cike da 'yan ƙananan kofunan roba, kowa da nasa, a sha a jefar, wai saboda kiwon lafiya. Ƙoƙon azurfa ya koma kabad. Ganga aka ce sau ɗaya a wata, daga baya aka ce sai ranakun musamman, don tana danne muryar molon cocin nan mai bututu. Sai aka fara ƙorafin sujada na tsawo saboda ana faɗin komai sau biyu, aka ce maigida ya riƙa jira sai an gama wa'azi ya taƙaita mana cikin minti biyar. A majalisar dattawa mai kujera goma aka ba mu ɗaya, aka ba maigida, amma ba ya jefa ƙuri'a sai ya yi shekarar gwaji. Ba duka ne suka ƙi mu ba. Akwai wata gwauruwa, malamar makaranta mai ritaya, da ta bar wurinta ta dawo kusa da ni, tana koyon waƙoƙinmu tana karya su, muna dariya tare. Amma iyalai da yawa na fararen suka zame ɗaya bayan ɗaya suka koma wani coci a hayin gada, ba sallama. Namu kuma suka fara gunaguni cewa an karɓe musu sujada an ba su benci.

Maigida yana ta ɗinke nan yana ɗinke can. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Asirin ya tonu ne a kantin magani. Gwaggo ta je karɓar maganin hawan jini tare da jikanyarta mai karatu a jami'a, wadda ba ta gari ranar sulhun. Ta ga Mai Magani a bayan kanta, ta ce wa jikanyar ta gaya masa tun ranar da ya tsaya ya ce sun yi zunubi, ba ta taɓa tashi da safe ba ta sa shi a addu'a ba. Jikanyar ta faɗa masa yadda aka ce. Ya cire tabarau ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba, bai san inda aka samo wannan ba. Jikanyar ba irin mijina ba ce. Ta juya wa Gwaggo maganar yadda take, ba ragi ba ƙari.

Ran Alhamis dattawa suka kira maigida. Ina ɗakin ajiya, bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin muryoyi ba na gane komai, sai shi ya ba ni labari daga baya. Suka sa ya maimaita abin da ya faɗa mana ranar sulhu, amma a harshensu, kalma bayan kalma. Da ya gama, Dogo ya tambayi dattawan ko akwai ƙarya a ciki. Can Mai Magani ya ce ba maganar gaskiya ko ƙarya ake yi ba, maganar amana ake yi, an sa masa magana a baki a gaban Allah da mutane. Wani dattijo, lauya, ya ce irin waɗannan kalmomi suna buɗe ƙofar da ba a san inda za ta kai ba. Biyu suka ce in ba a ɗauki mataki ba su ma za su haye gada. Daga ƙarshe Dogo ya ce saboda haɗin kan ikilisiya, ya kamata Tafinta ya sauka, kuma ya bayyana laifinsa a gaban jama'a.

Na ce masa kada ya yarda. Na ce ya miƙa musu mabuɗin kabad ɗinsu mu tafi, coci ba shi kaɗai ba ne a garin. Ya ce ai ya yi laifin, ƙarya ƙarya ce ko da an yi ta don alheri, kuma ba don su zai tsaya ba, don Gwaggo ne.

Ran Lahadi ya tsaya, wannan karon a tsakiyar mumbari, karo na farko a rayuwarsa. Ya faɗa a harshenmu, ya fassara wa kansa a nasu. Ya ce ya yi zunubi, ya yaudari iyayensa, ya sa wa wani magana a baki, ba shi da hujja, a yafe masa. Babu “in”, babu “wataƙila”, babu “zamani ne”. Tun da aka aza tubalin ginin nan, shi kaɗai na sani ya tsaya a wurin ya faɗi haka a kan abin da ya shiga tsakaninmu da su. Fararen suka gyaɗa kai, alamar sun karɓa. Namu suka sunkuyar da kai. Gwaggo ba ta zo ba.

Bayan kwana biyu na raka shi wurinta. Tana zaune a bakin gado tana tsefe wata tsohuwar rigar sanyi. Ya durƙusa a ƙasa. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ita ba za ta janye yafiyarta ba, ruwan da ya zube ba ya kwasuwa, kuma Allah ya ga zuciyarta ranar. Amma ta ce shekara hamsin tana riƙe da abin nan tana jiran mai roƙo, shi ne kaɗai abin da take da shi wanda su ba su da shi.

“Ka sa na rungumi mutum yana mamakin me ya same ni,” in ji ta. “Tashi, ɗana, gwiwarka za ta yi ciwo.”

Mafi yawan mutanenmu suka fice. Suka samu wani ajin makaranta suna taruwa a ciki ran Lahadi, da gangarsu, 'yata ma can ta koma. A can aka yi wa Gwaggo jana'iza da damina ta tsaya. Maigida ya je, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ce ya matso. Wani daga cikin samarin da suka ji komai ranar sulhu suka yi shiru, shi ne ya fi kowa kiransa ɗan koren fararen fata a bayan idonsa.

Dogo bai cika shekara biyu ba aka ɗauke shi zuwa hedikwatar ɗarika, aka ba shi ofishin sulhu tsakanin farare da baƙaƙe, wai saboda nasarar da ya samu a wurinmu. Sun buga ɗan littafin koyarwa, a bangonsa hoton Gwaggo ce rungume da Mai Magani. Ya zo yi mana sallama, ya zauna a kujerar nan, ya yi kuka sosai. Ya ce abin da maigida ya faɗa ranar shi ne abin da ya kamata a faɗa, shi ne ya rasa ƙarfin hali. Na ce a gaya masa wannan magana a mumbari take da amfani, ba a falona ba. Maigida bai fassara ba. Ya miƙa masa hankici, ya yi masa addu'a, ya raka shi har bakin titi.

Mu muna nan a tsohon cocin, mu kamar goma sha biyar da fararen da suka rage. Ba a fassara komai yanzu. Ina zaune ina jin wa'azi kamar ruwan sama a kan kwano. Na tambaye shi me muke yi a nan, ya ce wani ya zauna, in ba haka ba su ce da ma mu ne ba ma so.

Kwanakin baya da hantsi Mai Magani ya shigo shagonmu, ɗauke da keken ɗinkin matarsa da ta rasu bara. Ya tsufa ƙwarai. Ya ajiye keken a kan teburin yankana, maigida ya buɗe shi ya fara dubawa. Maimakon ya tafi, sai mutumin ya tsaya ya kama magana a harshensu, a hankali, yana tsayawa yana ci gaba. Na ji ya ambaci sunan da 'ya'yansa ke kiran Gwaggo da shi, har sau biyu. Idanunsa suka kawo ruwa. Maigida bai ɗago ba, yana ta ɗiga mai a cikin keken yana juya wilin. Da mutumin ya gama, ya amsa masa da kalma biyu ko uku, suka yi hannu, ya fita.

Na jira har ya ƙule, na tambaye shi me ya ce.

“Na bar tafinta,” in ji shi. “In yana da magana, ya san inda mumbari yake.”

Lahadi bakwai ke nan. Mai Magani yana gaishe mu a bakin ƙofar coci yanzu, har ya ɗaga hula, sannan ya wuce wurinsa a gaba ta dama ya zauna. Keken an gyara shi tun a makon farko, bai zo ɗauka ba, ya tare mini wurin yanka.